Ni da Idon Jama'a

Ina da wata cuta da ban taɓa kai ta asibiti ba, don ko na je, kunyar likita ba za ta bar ni in buɗe baki ba. Tsoron mutane nake yi, mutanen nan da ake cewa “me za su ce”. A nan Kachalla Sembe aka yanke cibiyata, na haura arba'in a duniya, babu lungun da ban sani ba a Jalingo, amma har yau ban yi ido huɗu da ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka su ke zaɓa mini hula, su ke yanke mini kuɗin cefane.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, tsohuwar motata ta samu hutu a ƙofar gida. Motar ce ta huta, makullinta bai huta ba. Kullum yana hannuna, ina kaɗa shi a cikin Keke Napep don wanda ke gefena ya gane cewa ni da shi ba ɗaya ba ne. Wata rana a Hammaruwa Way na lura da dattijon da ke kusa da ni, cikin shadda mai maiƙo, shi ma yana kaɗa nasa. Muka kalli juna, kowa ya mayar da makullinsa aljihu, har muka sauka babu wanda ya ce uffan.

Babbar Sallar da ta biyo baya na tafi kasuwar dabbobi ta Iware da niyyar sayen rago. Abin da kuɗina suka iya saye, malamai sun ce ya isa layya, amma ni na san bai isa unguwa ba. Sai na zauna a gidan wani aboki har aka yi Isha'i, na shigo da shi cikin duhu, na ɗaure a bayan ɗaki inda ko mai ɗebo mana ruwa ba ya leƙawa. Gari na wayewa na ji ihu a waje. Autana ne, ɗan shekara shida, ya kwance ragon, ya ɗaura masa tsohon ɗankwalin uwarsa a wuya, yana zagaya layi da shi, yara na biye. Har ƙofar maƙwabcina mai bijimin sa ya kai shi, yana cewa nasu ya fi gudu. Na tsaya a zaure ina zufa. A duk layinmu ban ga wanda ya ji daɗin Sallar nan kamar yaron ba, har da mai bijimin.

Wannan autan ne ya ƙera mota da gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya yi mata tayoyi, ya sa dogon kara ya zama sitiyari. Ranar da surukaina za su zo na ƙwace ta, na yi masa huɗuba cewa ɗan ma'aikaci ba ya wasa da shara, na cilla ta kan soron kaji. Da dare, bayan kowa ya kwanta, na sauko da ita don in jefar. Sai na ga tayar baya ta karkace. Yaran yanzu ba su san cewa sai an ɗumama ƙusa a wuta ake huda roba ba, in ba haka ba ramin ya yi faɗi. Na gyara. Wanda ya yi gyara kuwa dole ya gwada. Ina tsakar gida a sunkuye, daga ni sai zanen wanka, ina tura mota har da ƙarar inji a bakina, sai hasken tocilar matata ya sauka a kaina.

“Malam, lafiya?”

“Dubawa nake, kada ƙusa ta soki yaro.”

“To, Allah ya kai ka lafiya. In ka isa Yola ka gaishe su.”

A majalisarmu ta bayan Magariba kuwa, babu wanda ya kai ni yabon ƙuruciya. Ni ne mai tuna langa da gare da tashe, da wanka a Mayo Gwoi, da tserewa zuwa ƙofar fadar Sarkin Muri kallon dawaki. Nakan ba da labarin watan Agusta 1991, lokacin da aka raba jihar Gongola aka ba mu Taraba, yadda muka bi motoci da gudu muna ihu, alhali ko za a yanka mu ba mu san mece ce jiha ba. Sai kowa ya girgiza kai, a ce Allah sarki, da can duniya na kwance. Abin da ba ma faɗa shi ne, duniyar ba ta kwanta wa iyayenmu ba. Tun 1986 suke fama da tsadar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya kawo. Mu ma ba madara muke sha ba. Akwai dorinar makarantar allo, akwai ƙazwa, akwai tulun ruwa tun asuba, akwai wando mai taga biyu a baya. Abin da babu shi ne 'yan kallo. Wandon ya yage, amma ba mu san wani na lissafa mana ba.

Malamai sun koya mana cewa alƙalami ba ya hawa kan yaro sai ya balaga. Ina jin wannan hutun muke kewa idan mun ga yaro yana dariya da dukan cikinsa. Sai dai, Allah ya yafe mini, alƙalamin da ya fi hana ni barci shi ne na maƙwabta, wanda ba ya hutun Juma'a kuma ba ya karɓar tuba. Muna cewa yarinta abin sha'awa ce, sannan da bakinmu muke kashe ta: kada ka ba ni kunya, kada a ce ɗan wane ne, sa takalmi kada a raina mu.

A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya shelanta karatu kyauta a firamare da sakandaren gwamnati. Na yaba a majalisa, na kawo hujjoji, har na tuna musu cewa ni ma makarantar gwamnati na yi. Amma babbar 'yata tana makarantar kuɗi har gobe. In an tambaye ni, in ce saboda inganci. Ban taɓa shiga ajin nan ko na can na gwada ba. Abin da na auna shi ne yadda za a dube ni ranar da aka gan ta da wani yunifom. Kuɗin zango na zuwa, in bi 'yan adashe ina murmushi.

Makon jiya muna cikin Keke za mu makarantar, ta taɓa hannuna.

“Baba, don Allah a sauke ni a kwana, zan ƙarasa da ƙafa.”

“Saboda me, uwata?”

“Ƙawayena sun san muna da mota.”

Shekararta goma sha ɗaya. Na buɗe baki zan fara wa'azin godiyar Allah da rashin kula da surutun mutane, sai na ga idonta a kan hannuna na dama. Na ce wa mai Keke ya tsaya a kwana. Kuma tsakani da Allah, ni ma hakan ya fi mini sauƙi, domin mai gadin makarantar “Alhaji” yake ce mini, ni kuwa ko jirgin da ke tashi daga Jalingo zuwa Abuja ban taɓa hawa ba.