Zuwa ga Maharbin Nassarawa, Mai Kayar da Ɓauna daga Kan Kujera

Alhaji, gaisuwa daga ubangidanka na Zazzau. Labari ya iso mu har Ƙofar Doka cewa ka sake sana'a. An ce yanzu ba a jin bakinka kan farashin shadda a Kantin Kwari. Da an idar da sallar isha'i aka fito da kujeru a ƙofar gidanka na Nassarawa, sai ka buɗe makarantar harsashi: wanne ya fi nauyi, wanne ba ya kuskure, wanne zai kayar da ɓauna daga nisan mita 700. Maigadinka ya haddace, direba ya haddace, maƙwabta sun koma bi ta ƙofar baya. Kai ɗin nan da ko ragon layya sai an kira mahauci, kana can cikin ɗaki kana tambayar Hajiya ko an gama! Na bincika wajen wane Sarkin Baka ka yi karatu, aka ce mini a YouTube ne, wajen wasu Amurkawa da ke kwanciya rub-da-ciki a kan duwatsu.

Ba zan zalunce ka ba, ko da yake zaluntar Bakano ba laifi ba ne a wurinmu. Akwai gaskiya a karatun naka. In harsasai biyu kaurinsu ɗaya, mai nauyin ya fi tsawo, kuma in aka ba shi siririn baki ya fi riƙe gudunsa a cikin iska. Yakan fita a sanyaye, amma can gaba shi ne bai gaji ba, iskar gefe ba ta ture shi kamar yadda take ture marar nauyi, in ya isa kuma ya fi nutsawa cikin nama. Zuwa nan ka ci jarrabawa. Sauran karatun ne ka tsallake, don Bakano in ya ji inda riba take ba ya tsayawa jin sauran bayani.

A cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗewa, shi ke sa harsashi ya fita yana juyi, juyin kuma shi ke hana shi wuntsilawa. Dogon harsashi yana bukatar murɗi mai tsanani fiye da gajere. Tun 1879 wani malamin lissafi a Ingila, Alfred Greenhill, ya fitar da ƙa'idar auna wannan. Bututun da zanensa ke cika zagaye ɗaya a inci 12 yana iya kasa riƙe harsashin da mai inci 10 zai riƙe lafiya lau. Harsashin da ya fita da gudun mita 900 a daƙiƙa daga bututu mai inci 10 yana juyawa sau 3,500 da 'yan kai a daƙiƙa guda. In murɗin bai ishe shi ba, a karkace zai isa, kuɗin da ka zuba kuma sun bi iska. Bayan wannan, kowane bututu da irin harsashin da yake so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a rana ɗaya. Ba a sanin wannan daga kan kujera. Sai an kafa takarda a mita 100 an yi ta harbi ana gwada iri-iri, har a sami wanda ramukansa ke taruwa cikin santimita 3.

To, a ina za ka kafa taka takardar? Ta nan Gidan Gwamnati, ta can hedikwatar 'yan sanda ta Bompai. Harbi ɗaya za ka yi a bayan gida, kafin hayaƙi ya washe ka yi baƙin da ba a kai wa ruwa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar farauta ta zamani sai da lasin Sufeto Janar. Kashi na uku kuwa sai Shugaban Ƙasa da kansa, kuma a jerin nan aka sa bindigogi masu bakin 7.62 da .300 da .303. Lambar da aka ce ba ta fita daga bakinka ita ce .300. Ka ga ke nan tun ba ka sayi komai ba ka zaɓo wa kanka tafiya Abuja.

Babban abin dariyar shi ne ka haɗa sana'a biyu ka mai da su ɗaya. Harsasan manyan namun dawa na Afirka ba don nesa aka yi su ba. A 1905 Otto Bock ya fito da 9.3x62 a Jamus. A 1911 kamfanin Rigby na Landan ya fito da .416, mai harsashi giram 26. Shekara ɗaya bayan haka Holland & Holland suka kawo .375, mai giram 19 da ɗoriya, wanda har yau a Tanzaniya ba a yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da ya gaza shi ba. A 1956 Winchester ta Amurka ta ƙara da .458, mai giram 32. Duk waɗannan masu dunƙulallen baki ne, aikinsu fasa ƙashi da huda fata mai kauri, kuma akasari ƙasa da mita 100 ake harba su, giwa ma kusa da haka sosai. Dalilin a fili yake. Ɓaunar da aka ji wa ciwo daga nesa ba ta faɗuwa, kurmi take shiga ta laɓe, wanda ya biyo sawun jininta shi zai gane kurensa. Masu harbin nesa da kake kallo a waya barewar ƙasarsu da tumakin dutse suke nema, dabbobin da ba sa juyowa su tambayi wanda ya taɓa su.

Ban ma yi maganar naushin da bindigar ke yi wa mai ita ba. Na .416 ya kusa ninka na .30-06 sau uku, ita kuwa .30-06 ɗin ma ba ta yara ba ce. Kafaɗar da ba ta saba ɗaukar komai ba sai babbar riga, ina za ta kai wannan?

Mu ɗauka ma ka haƙura da ɓauna ka ce gwanki kake so daga mita 500, da .300 ɗin taka, harsashi giram 12. In ka daidaita saiti a mita 200, kafin harsashin ya kai 500 ya sauka fiye da mita ɗaya. In ka ɗauka nisan 450 ne alhali 500 ne, kuskuren ya fi taƙi guda. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ko hularka ba za ta tuɓe ba, za ta kautar da shi kusan rabin mita. Tafiyar tasa kuma ta fi rabin daƙiƙa, wadda ta ishi dabba ta ɗaga ƙafa ta matsa. Wurin da ake nema, zuciya da huhu, faɗinsa bai wuce faifai ba. Sai ka ɗora wannan lissafi a kan yanayinmu. Farauta da rani ake yinta. Da hunturu hazo kan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, kai kuwa za ka hango haƙarƙarin gwanki a rabin kilomita. Da bazara ƙawalwalniya ce za ta riƙa yi maka rawa da dabbar a cikin madubin bindiga.

Akwai kuma ginin harsashin kansa, wanda aka ce ba ka taɓa ambata ba. Mai buɗewa, wato darma a cikin rigar jan ƙarfe, yana bukatar ya isa da gudun da bai gaza mita 550 a daƙiƙa ba, ko kusa da haka, kafin bakinsa ya baje. In ya gaji a hanya sai ya wuce ta cikin nama ya bar ɗan siririn rami, dabba ta tafi ta mutu a inda ba mai ganinta sai ungulu. In kuma ya cika laushi aka harba shi daga kusa, a kan kafaɗa zai tarwatse. Irin wannan ta sami John Nosler a 1946 a dajin Kanada, da ya harbi wani ƙaton naman dawa mai laka a jiki harsashi ya ƙi shiga. Ya koma gida ya ƙera mai ɗaki biyu, gaba ya buɗe baya ya riƙe nauyi, ya fara sayarwa a 1948. Ka lura, Alhaji, shi sai da ya shiga daji ya sha kunya sannan ya buɗe baki.

Wanda zai fi ɓata maka rai shi ne Baturen nan ɗan Sikotilan, Walter Bell, da ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Yuganda da ya yi farauta. An ƙidaya masa giwa 1,011, kuma mafi yawansu da ƙaramar bindiga mai bakin milimita 7 ya kashe su, harsashi giram 11, bai kai rabin na .416 ba. Tsaga kawunan giwayen da ya kashe ya riƙa yi har ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, sannan ya matsa kusa. Ba yabonsa nake yi ba, irinsu ne suka yi wa giwayen Afirka ƙarƙaf saboda haure. Amma ko shi ƙafa da sanin dabba ya dogara da su.

Maharbanmu sun riga shi sanin haka. Mutum zai ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai irin na tsuntsun, har ya shiga tsakiyar namun dawa ba su ankara ba. Ya san ta inda iska ke kaɗawa, ya san mashaya, ya san sawun jiya da na yau. Masu giwa kuwa a da sango suke zurawa a bakin adaka, mashi mai dafi, wanda ba ya zuwa ko'ina sai an kusanci dabbar har ana jin kukan cikinta. Bindigar da ake kira harba-ka-ruga ai ba a rubuta mata lissafin iska. Wanda ya iya wannan shi ake kaɗa wa gangi ya yi kirari. Kai me za a kaɗa maka, ƙarar janareta?

Na san za ka fake da tarihi. Za ka ce littafin tarihin Kano ya ba da labarin mutanen Dala, gidan su Barbushe, inda aka yi ƙaton da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Na yarda, har na ƙara maka da cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. To daga sanda aka zo kan waya, wannan ci gaba ne ko ci baya? Abin da aka tabbatar game da ku a ƙarni na 19 shi ne, in wasu sun sha wuya a dazukan Adamawa sun samo haure, ku kuna zaune a kasuwar Kurmi kuna taya shi, ku ɗora wa raƙuma zuwa Tarabulus. A yau ma in 'yan bindigar sarki suka saki albarushi ranar Hawan Nassarawa, an ce kai ne na farkon toshe kunne. Mu kuwa a Zariya tun 1924 ake koya wa kuratan soja harbi. Kada ka ce mini daga garinmu Nasara suka taso suka ci Kano a 1903. Rakiya ba mu yi musu ba, hanya ce ta bi ta nan.

Sannan ina naman yake? Dajin Falgore, can kan hanyar Jos, an daɗe ana jin labarin ɓarayin shanu a cikinsa fiye da na ɓauna. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, yana da ɓauna da gwanki da 'yan giwayen da suka rage mana, amma kallo ake zuwa yi, a yi wanka a Wikki a dawo, wanda ya shiga da bindiga kuma masu gadin daji ne abokan hirarsa. Kenya ta hana irin wannan farauta tun 1977. A arewacin Kamaru, wajen Garwa, akwai yankunan da ake ba da izini, sai dai kuɗin dubban daloli ne, kuma ba a cewa albarka a juya baya don a kira ka. Dama ɗaya Allah ya kawo maka har gida. A watan Oktoba na 2019 zaki ya kuɓuce a gidan zu na Audu Bako, aka same shi a kejin awaki ya yi musu ta'asa, sai da aka kwana biyu ana fama kafin ya koma ɗakinsa. Tsakanin titin gidan zu da Nassarawa akwai tafiya, amma an ce ranar har tagogi ka sa aka rufe, sallah ma a falo ka ja iyali.

Saboda haka ga abin da na yanke, a matsayina na ubangida mai tausayin bawansa. Na sa yaro ya ɗaura maka danƙo mai kyau, zan ba direban motar Kano ya ajiye maka a Unguwa Uku. Ba ya bukatar sa hannun Sufeto Janar, tsakuwa kuma ka zaɓi mai nauyin da ka ga dama, tun da nauyi kake so. Ka fara da jemagun da ke cinye maka mangwaro, daga taku goma. In ka kayar da ɗaya ka turo hoto, da shaidu biyu waɗanda ba kai ke biyansu albashi ba. In kuma ka fasa gilashin motar maƙwabci, kada ka ce ka san ni. Kuɗin sharar bara ma ba su iso ba, ka haɗa da na bana ka ba direban ya taho da su.