Taubashi, Sauke Tsintsiyar Nan

Bawana na Falanko! Labari ya iso mini har Damagaram cewa ka zama likitan salula a bakin kasuwa. Kowa ya miƙo tasa sai ka latsa hoton tsintsiyar nan, ka kore duk manhajojin da ke buɗe, ka mayar masa kana hura hanci, wai ka sauke mata nauyi. Na san shara gadonka ce, shi ya sa nake ba ka kuɗinta duk watan cika-ciki. To na bana ko dala ba za ka gani ba, don abin da kake sharewa ba datti ba ne.

Gyara zama ubangidanka ya karantar da kai. Na'ura ma'aji biyu gare ta: babba, inda hotuna da manhajoji ke kwana ko an kashe ta, da ƙarami mai sauri da ake ce wa RAM, wanda a cikinsa ake yin aiki. Kai ɗan Damargu ne, ƙasar da ayarin Abzin ke saukowa awon hatsi, ai ba a koya maka bambancin geron rumbu da furar ƙwarya. In sai mai yunwa ya shigo za a hau rumbu a fiddo dami, a sussuke, a sheƙe, a surfe, a daka, kafin a dama ya yi barci. Uwargida ta san sa'ar da yake dawowa daga gona, tun da hantsi ta gama kirɓi. Kai ne ka shigo ka tarar da ƙwarya cike, ka ce ta yi nauyi, ka kifar, kana jiran a yi maka godiya.

Tazarar da ke tsakanin ma'ajin biyu kuwa ba ta wasa ba ce. Tsohon faifan kwamfuta mai juyawa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin allurarsa ta lalubo abu guda, RAM ta fi shi saurin amsawa wajen sau 100,000. Shi ya sa da Microsoft ya fitar da Windows XP a 2001 ya sa masa ɗan leƙen asiri. Duk manhajar da ka buɗe, sai ya sa ido a kan daƙiƙa 10 na farko, ya rubuta fayilolin da ta nema, ya ajiye jerin a wata jaka mai suna Prefetch. Gobe in ka sake buɗe ta, sai ya kwaso su gaba ɗaya a jere, ba sai allura ta yi ta kai da komowa ba. Ita ce jakar da na ji ka kwashe wa wani malamin makaranta kaf, ka karɓi goro, na'urar ta koma koyon aiki daga farko.

A 2007 Windows Vista ya zo da SuperFetch, wanda yau ake kira SysMain. Wannan ba ya jiran ka latsa. Yana karantar halinka, me kake buɗewa, wace rana, da ƙarfe nawa, sai ya loda shi tun kana alwala. Naka halin ba zai ba shi wahala ba: karta da safe, karta da azahar. A ɓangaren Linux wani ɗan Iran, Behdad Esfahbod, ya rubuta irinsa a 2005, ya sa masa suna preload. Ita kanta Tecnon da ke aljihunka, tun tana kunnuwa Android ke ɗora kayan da kowace manhaja ke buƙata a wani tushe mai suna Zygote, daga jikinsa ake tsiro da sauran. In wuri ya ƙure, da kansa yake korar wadda aka daɗe ba a taɓa ba. Bai ɗauke ka aiki ba.

Kada ka ce ban yi maka adalci ba, ko makaho yakan tsinci kuɗi. Tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 2 ko 4 da faifai mai juyawa, SysMain yakan riƙe mata faifai bayan an kunna, ta yi ta gurnani ba ta sauraron kowa. A irin wannan in an kashe shi ban ga laifi ba. Amma maganin gaskiya shi ne a ƙara RAM ko a sa faifan SSD, wanda ba allura ba juyi. Sai dai wannan zancen sa hannu a aljihu ne, kai kuwa tun muna yara ko tsakin kuka ba ka ba kaza.

Ga abin da ya fi ba ni dariya. Manhajar da ka kore, in mai waya ya koma mata sai ta taso daga tushe, ta sa na'ura aiki sabo, ta sha batir fiye da wadda aka bari tana gyangyaɗi. Kafin la'asar sai ka ga mutanenka sun yi layi wajen mai caji da hasken rana. Faɗa mini tsakani da Allah, nawa yake ba ka a kowace waya?