Daga Shikago Zuwa Birnin Tudu

Zuwa ga taubashi, bawan gado,

Ubangidanka na Shikago yana gaishe ka, ya ce a miƙa gaisuwa ga Inna da Baffa. Ya kuma ce ka gyara zama, kai da katinka bai san hanyar ko'ina ba sai rumfar mai POS a kasuwar Talata Mafara.

Akwai wani banki a nan, Bank of America. Tun 1998 yake da tsari mai suna Museums on Us: Asabar da Lahadin farko na kowane wata, mai riƙe da katinsa yana shiga gidajen tarihi sama da 200 a faɗin Amurka ko sisi bai biya ba. Kati za a nuna, da shaida mai hoto. Ba a tambayar nawa ke cikin asusu, wannan kam zai yi maka daɗi. Sai dai mai katin kaɗai ake yi wa. Da kai ne, da ka kwaso mata da yara da maƙwabta har da akuya, a tare ku a ƙofa!

Ba sadaka bankin ke yi ba, so yake katinsa ya zauna daram a aljihun mutane. Amma dabara ce mai kyau.

Ubangidanka ya je Art Institute, gidan da zakuna biyu na tagulla ke gadin ƙofarsa. Ya ratsa zane-zanen Turawa da sauri, ya yi turus a ɗakin kayan Afirka, gaban ginshiƙin da Olowe na Ise, gwanin Yarbawa, ya sassaƙa. Nan gida ya faɗo masa a rai. Kano na da Gidan Makama, Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Mu fa? Gonakin da madatsar Bakolori ta cinye, da manoman da aka harbe a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980 suna neman diyyarsu, labarin yana bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka ga aiki. Ka caja wayar nan taka mai fasasshen gilashi, ka zauna gaban Baffa bayan la'asar, ka naɗi duk abin da ya gani da idonsa. Tasoshin jeren Kaka kuma, kul ka sayar wa 'yan jari-bola.

Kuɗin shara na bana suna nan a ajiye. Ranar da muryar Baffa ta iso Shikago, ka nufi wurin mai POS.

Naka,
Ubangidanka