Canjin Ƙosai

A majalisarmu ta gindin dalbejiya, kusa da teburin mai shayi, naira ɗari ce ta tayar da zancen. An aiki ɗan tela, yaro ɗan shekara shida, ya sayo ƙosai, mai tuya ta yi kuskure ta ba shi canji ya haura. Sai da ya iso ƙofar gida ya ƙirga, ya juya da gudu ya mayar mata. Ba wanda ya sa shi.

Tela baki har kunne. "Ai a jini yake," in ji shi, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Mai shayi yana fifita wuta ya ce, "Malam, bara da ya tsinko mangwaron gidan Alhaji, cewa ka yi yaran layin baya ne suka ɓata shi." Aka kwashe da dariya. Haka muke dukkanmu: in yaro ya yi abin kirki mu ce gado ne, in ya yi ɓarna mu nemo ɗan maƙwabci mu ɗora masa.

Liman ya gyara zama ya tuna mana hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya nuna kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke juya shi daga baya. Malamin firamare kuma ya kawo labarin Jami'ar Yale ta Amurka, inda a 2007 aka nuna wa jarirai 'yan wata shida da wata goma wasan 'yan tsana: ɗaya na taimakon mai hawan tudu, ɗaya na tunkuɗo shi. Yawancinsu mai taimakon suka miƙa wa hannu. Ya ce da aka maimaita gwajin a ƙasashe da dama ba a sami irin wannan sakamako ba, har yanzu masana na ja-in-ja.

Ni dai a tsakar gida nake ganin abin. Ka ba yara uku rake guda su raba. Ɗan shekara uku, wanda ko ƙirge bai iya ba, zai leƙa hannun yayansa ya fasa kuka an cuce shi. Wannan ba wanda ya koya masa. Amma ya san shi ma bai kamata ya cuci ƙaninsa ba, nan fa sai an yi aiki, shi ya sa iyayenmu mata suka kafa dokar nan ta mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe. Durƙusa wa babba, karɓa da hannun dama, kawar da kai gaban suruki, duk a gida ake ɗinka wa mutum su. Ɗan Bayarabe kwanciya yake rub da ciki ya gai da mahaifinsa, namu tsugunawa yake, kowanne kuwa ladabi ya yi.

Abin da ke ci mini rai wani ne daban. Mai bin bashi ya yi sallama, mu kira yaro mu ce, "Je ka ce ba na nan." Ka dubi fuskarsa a lokacin: yana tsaye yana murza gefen riga, ƙafarsa ta ƙi tafiya. In ya je ya ce Baba ya ce ba ya nan, mu zare masa ido, wani har da ranƙwashi. Karo na uku ba ya murza riga, tafiyarsa kawai yake yi. Gobe kuma mu ɗauko bulala don ya ce bai sha madarar ƙanwarsa ba.

Da na faɗi haka majalisa ta yi tsit, tela ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Can sai ga yaron ya ɓullo daga lungu da ƙosai biyu a takarda, gyaran da mai tuya ta ba shi, ya durƙusa ya miƙa wa babansa ɗaya.