Yadda Za Ka Tsare Samarinka a Gida: Shawarwari Daga Wanda Nasa Ke Daji Yanzu Haka

Wannan rubutu na iyaye maza ne da Allah ya jarrabe su da 'ya'ya samari, 'yan shekara 13 zuwa 18, a tsakanin Gaya da Ajingi. In naka bai wuce goyo ba, ninke takardar nan ka adana, lokacinka na nan tafe. Ba zan ɓata maka lokaci da batun nasiha da faɗa da garƙame ƙofa ba. Duk mun yi, kuma katangar bayan gida ta san yadda aka ƙare.

1. Ka daina tambayar inda za shi

Amsar ba ta sauyawa: "Baba, nan baya zan zagaya, yanzu zan dawo." Da la'asar sai wani ɗan kasuwa ya tare ka a masallaci ya ce ya ga yaronka a Kademi, ba hula, yana bin wani kare da gudu. Saboda haka bar bakinsa, duba abin da ya ɓace a gida. In adda ce babu, farauta aka tafi. In gidan sauro ne, suna bakin ruwa. In tocila ce, kamun fara za a yi da daddare. In ka tarar da tsohon tib ɗin babur ɗinka an yanka shi siri-siri, to an yi danƙo, kurciyoyin unguwa da gilashin tagar maƙwabci sun shiga uku. In kuwa duka huɗun babu, ka yi salati ka nemi wuri ka zauna.

2. Ka ɓoye kayanka

Ba a ƙarƙashin katifa ba, nan suke fara dubawa. Ba a ɗakin uwargida ba, domin ita da su bakinsu ɗaya. Za ta ce maka, "Malam, ai aro suka yi." Aron da ba a tambaya ba, kuma ba a mayarwa.

Bari mu tsaya a kan gidan sauron nan tukuna. Ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida sun raba shi kyauta, sun yi bayani har muryarsu ta dushe cewa an jiƙa shi da maganin sauro, a shanya shi a inuwa kafin a ɗaura. Na tsakiyan nawa ya saurari bayanin nan tsaf, yana gyaɗa kai, ashe ƙanƙantar ramukan yake aunawa. Da damina ta sauka, kududdufai suka cika, sai ga gidan sauro ya zama koma. Ya dawo da kifin da bai cika gwangwanin madara ba, 'yan ƙanana da ko mage sai ta yi shawara kafin ta ci. Daren ranar sauro ya yi walima a kaina. Da na kwanta da zazzaɓi, shi ne ya shigo da ladabi ya durƙusa ya ce, "Sannu Baba, ai da ka riƙa shiga gidan sauro."

3. Ka koyi lissafin farauta

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da ba su faɗa ba shi ne wanda ke biyan kuɗin gudun. Da zarar an kawar da amfanin gona, an cire gero da dawa da gyaɗa, hunturu ya busa, sai ka ji fito a bayan katanga tun kafin kiran assalatu. Yaron da kake tayarwa sallar asuba da kyar, yau shi ya riga liman tashi. Su ɗunguma da gora da adda da karnuka, su yanki daji ta wajen Shagogo ko Balan, wani lokaci har su ɓulla ƙasar Ajingi ta Toranke. Su yini ba ci ba sha sai goruba da magarya da kanya in an dace. Da magariba a yi rabo. Naka ya shigo yana taƙama da cinyar gafiya guda ɗaya.

Yanzu ɗauko alƙalami. Silifas ya tsinke, saya. Wando ya yage a gindin ƙaya, kai wa tela. Ƙarangiya ta cika rigar makaranta, domin ita ya ga dama ya sa. Tsidau ya shige tafin ƙafa ya karye a ciki, sai an je shagon magani. In adda ta ɗan taɓa shi, ga allurar tetanus. Tara kuɗin nan duka, za ka ga da tsire ka aika aka sayo wa gidan gaba ɗaya, da canji ya dawo.

Sannan ga karen. Ba wanda ya sayo shi, ba wanda ya nemi izini, an wayi gari ne kawai an gan shi a zaure yana kallonka kamar kai ne baƙon. Da na ce a fitar min da shi, babban nawa, wanda har yau bai kai ƙarshen Ahalari ba, ya gyara zama ya karanta min fiƙihu: "Baba, ai malamai sun halatta karen farauta, har babinsa akwai a Risala." Daga cikin littafin nan duka, hukuncin da ya shiga kansa ke nan. Tambaye shi farillan alwala, sai ya fara duban rufin ɗaki. Karen kuma ba ya cin komai sai tuwon da aka ajiye don ɗumame.

4. Ka kai shi gona

Wannan shawarar maƙwabta ce, na sa ta ne don kada a ce ban faɗa ba. Ƙafar da ta taka daga Gaya zuwa iyakar Jigawa a bayan zomo, ita ce ba ta iya kaiwa gonar da ake hangowa daga ƙofar gida. Ranar shuka kansa ke ciwo. Ranar noman firi cikinsa ke murɗa. Ranar maimai akwai darasi na musamman a makaranta, ko da ranar Lahadi ce. In ka matsa, sai ya ce a ba shi babur ya kai taki. Kada ka bayar. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur nake auna man babur ɗina da tsinke, amma yaron nan sai ya ɗauke shi da sunan gona, a gan shi a Wudil ranar Juma'a yana zagaya kasuwar shanu, alhali ko akuya ba mu da niyyar saya. Ni burina ya je Wudil ya shiga jami'ar nan ta Aliko Ɗangote, ko Makarantar 'Yan Sanda. Shi kuwa ya san kowane lungu na garin ban da ƙofofin nan biyu.

5. Ka nemi goyon bayan manya

Kada ka soma. Ka kai ƙara wurin kakarsu, ka zayyana laifi tun daga tocila har zuwa kare, sai Hajiya ta dube ka ta ce, "Kai dai ka cika takura wa maigidana." Ta kira shi ta ba shi fura, ta kwance bakin zane ta ƙara masa da kuɗin cajin waya. Ka je wurin kawunsu, shi kuma ya ce, "Yaya, bar su, namiji ai sai da yawo," domin ba tocilarsa ba ce.

Mafi ciwo shi ne ranar da yaran suka gano tarihi. Wani malaminsu ya ba su labarin Abagayawa, cewa maƙeri ne mai suna Kano ya tashi daga nan Gaya ya tafi dutsen Dala neman tama, har garin ya ci sunansa. Tun daga ranar ba ni da sauran magana. "Baba, da kakanmu ya zauna a gida, da babu birnin Kano." Na ce shi ya tafi ya dawo da ƙarfe, ku kun tafi da ƙarfena, ina addata?

Na shida, ko na bakwai ne? Bar lissafin. An ce a saya musu waya za su zauna. An saya. Yanzu da wayar suke kiran juna su haɗu, kuma a TikTok nake sanin inda ɗana ya yini. An ce a bar su su je gidan kallon ƙwallo, ai ya fi daji. Sun je, sun dawo gida biyu, ɗaya Madrid ɗaya Barcelona, ba mai miƙa wa wani cokali. An ce a yi musu aure. Da wane kuɗin?

Akwai kuma wanda ba na iya yi wa dariya, shi ne ruwa. Kogin nan da ya biyo ta Wudil ya gogi ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗejiya, ruwansa daga nesa yake zuwa, daga kogin Kano da na Challawa, kuma kowannensu akwai babban dam a kansa. Ana iya yin kwanaki ba a ga hadari a nan ba, amma a wayi gari kogi ya cika ya batse, domin an yi ruwa a sama ko dam ɗin Tiga ya yi amai. Wurin da yaro ya tsaya jiya ruwa iya gwiwa, yau ya shanye kansa. Ga ramukan da masu ɗiban yashi suka bari a ƙarƙashi, ba a ganinsu sai ƙafa ta rufta. Mutanen Ajingi ba su manta da ambaliyar daminar 2022 ba. Amma ka gaya wa ɗan shekara 15 haka, sai ya ce, "Baba, ai na iya ruwa." Wa ya koya maka? Wani ɗan shekara 16!

Kududdufin bayan gari ma da ake rainawa, shi ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take girma, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Kunya ta hana shi faɗa, abokai kuma su ce masa ai alamar girma ce. Ba alamar komai ba ce sai ciwo, kuma maganinsa na nan a asibiti, shi ne ma ake rabawa a makarantu lokaci-lokaci. Ranar rabon kuwa nawa suna farauta.

To jama'a, tsare saurayi a gida dai ba ya yiwuwa, wanda ya ce ya iya, a binciki katangarsa. Abin da ya rage mana shi ne mu zama idon juna. In ka ga ɗan wani a bakin kogi da damina, kada ka ce ba naka ba ne, kore shi, ka kuma gaya wa ubansa a ranar. In nawa ne, na yafe maka kunnensa, ja da kyau. Ka tambayi naka ko yana ganin jini a fitsari, domin shi ba zai fara faɗa ba. Zomo da gafiya kuwa a bar musu, Allah ya shirya mana su. Wanda kuma ya tsinci wata adda mai ƙota baƙa tsakanin Balan da Toranke, don Allah ya kawo, kaka ta kusa.