Kwana Biyu a Jamus, Shekara Biyu Ana Ba Mu Labari

Duk gidan da ke da ɗa mai karatu a Folan ko Hangari ya san wannan ciwo. Daren Juma'a sai ka ga hoton jakar goyo a WhatsApp, an rubuta "a sa mu a addu'a". Ba Umara za a ba, Berlin ne. Katin zaman da ke aljihunsu na yankin Shengen ya ba su damar tsallaka iyaka, ga bas mai araha da ke kwana a hanya. Sai samari huɗu su tattara kuɗin littattafan da iyaye suka turo, wai za su buɗe ido.

Ayarin ba ya canzawa. Akwai madugu, wanda ya taɓa zuwa sau ɗaya, shi ne kuma zai ɓatar da su a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Akwai ma'aji mai juya kowane yuro zuwa naira da babbar murya. Akwai ustaz. Sai mai hoto, wanda in za a faɗi gaskiya dominsa aka yi tafiyar.

Zangon farko Ƙofar Brandenburg. An kammala ta a 1791, Napoleon ya kwashe dawakan da ke samanta ya kai Paris a 1806, aka ƙwato su a 1814. Duk wannan tarihi a bayan samarinmu yake, domin tun isowarsu ƙeya suka ba ƙofar. "Ɗan matsa hagu. A'a, cire hannu daga aljihu. Kalli nesa, yi kamar ba ka san ana ɗauka ba." Daga nan sai ragowar katangar da ta raba birnin tun 1961 har 1989, wadda mutane suka rasa rayukansu wajen tsallake ta. Madugu ya sayi ɓarɓashin siminti mai fenti a cikin leda, tsarabar Baba. Fiye da shekara talatin ana sayar da gutsattsarin katangar nan ba su ƙare ba, albarka ke nan. Yaron nan fa a gindin ganuwar Kano ya tashi, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba.

Amma inda ake yin ta shi ne wajen abinci. Tun a bas aka yi alkawari: yau sai abincin Jamusawa na asali. Aka zauna, aka kawo takardar abinci, ustaz ya gyara tabarau ya ɗauko waya. Na farko Currywurst, tsiran nama ne da miyar tumatir da garin kori, abin alfaharin Berlin. Naman me? Alade. To, Eisbein fa? Ƙafar alade ce sukutum. Schnitzel? Ma'aikaciyar ta ce na yau dai alade ne. Ustaz ya yi a'uziyya a hankali, ya koma kan dankali, ya tambaya da wane mai aka soya. Baiwar Allah ta shiga kicin ta dawo, ta sake shiga ta dawo, murmushinta yana raguwa. Daga ƙarshe aka daidaita a kan kabeji mai tsami da wani murɗaɗɗen burodi da aka barbaɗa wa gishiri. Mai hoto ya ɗauka ta kusurwa uku kafin kowa ya taɓa. Loma ɗaya ma'aji ya yi wa kabejin ya ce a garinsu in abu ya kai haka zubarwa ake yi. Ya nemi ruwa ya kora, aka kawo masa mai gas, kuma na kuɗi.

Da aka zo biya, matar ta tambaya a haɗe ne ko kowa nasa. A gida nan ne ake kokawa, kowa na "wallahi bar shi, ni zan biya" alhali hannunsa bai kai aljihu ba. A nan kuwa baki ɗaya suka amsa: kowa nasa. Al'adar Jamus ta farko ke nan da suka karɓa ba gardama.

Yunwa ce ta kai su inda ya kamata su fara, shagon Baturke mai döner. Turkawa sun fara kwararowa aiki Jamus bayan yarjejeniyar 1961, kuma a hannunsu wannan nama cikin burodi ya bazu a Berlin. Samarinmu suka ci da yamma, suka ci da dare, suka karya da shi ranar Lahadi. A ƙarƙashin hoton aka rubuta "abincin Jamusawa sai wanda ya ci". Ban ga laifinsu sosai ba, Jamusawan ma layi suke bi.

Ranar Lahadi aka fita sayen tsarabar Hajiya, aka tarar da kantuna a rufe ruf, haka dokar ƙasar take. Abin da ya rage sai shagunan tasha. A can ne ma'aji ya gano robar ruwa in ka mayar ana ba ka santi 25. Yaron da a gida ko kwanon da ya ci tuwo ba ya ɗaukewa, sai ga shi da leda yana bin abokansa: "Ka gama sha? Kawo." Ban ɗakin tasha kuma da ya ji na kuɗi ne, ya lissafa da naira, ya ce zai iya haƙuri har Folan.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana zuwa ne da hutun ƙarshen shekara, ranar da suka dawo gida. Ka yi lattin minti biyar: "A Jamus ba a haka." Alhali Jamusawa da kansu kullum cikin ƙorafin lattin jiragen ƙasansu suke. Ka tsallaka titi: "A Jamus sai fitila ta ba ka hannu, ko da tsakar dare." Ka yar da ledar ruwa, huɗuba ce guda. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya yi shekara biyar yana yawo a ƙasashen nan, ya koyi Hausa, sannan ya rubuta littafi mai juzu'i biyar. Namu kwana biyu ya yi, rabinsu a bas, ya kuma fi Barth tabbacin abin da yake faɗa.

An ce hutu mai zuwa Paris za su. Jama'ar gida, ku tanadi haƙuri tun yanzu.