A Nan Kuɗi Ake Biya a Jefa Gatari

Bawana,

Gaisuwa mai yawa daga ubangidanka a Monreyal. Yaya Gwaggo da ciwon ƙafar? Yaya uwargida, wadda Allah ya jarraba da kai? Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe gari, ƙanƙara har gwiwa.

Ka sauko daga amalanke kafin ka ci gaba da karatu, kada dariya ta kayar da kai. Ranar Juma'a da dare abokan aiki suka ce mu fita shaƙatawa. Ina tsammanin gidan cin abinci za mu, sai ga mu a wani ƙaton ɗaki, an raba shi layi-layi da ragar ƙarfe, a ƙarshen kowane layi an kafa allon katako da zanen da'ira uku. Wasan kuwa jifa da gatari. Wallahi kuɗi ake biya! Abin da kowannenmu ya ajiye ya haura jikka goma, ba a ba ka ko ƙiraren dafa shayi ka tafi da su gida.

Kafin ka taɓa ƙota sai ka sa hannu a takarda cewa ka san abin yana yanka. Sai an duba ƙafarka kuma: mai silifa ba ya shiga, don haka takalmanka na tayar mota sun kore ka tun daga bakin ƙofa. Wata yarinya ce mai koyarwa. Ta tsayar da mu ƙafa 12 daga allon, mita huɗu ba kaɗan ke nan, ta ce a riƙe ƙarshen ƙota da hannu biyu, a kai bayan ƙeya, a sake shi daidai goshi. Juyi ɗaya tak zai yi a sama bakinsa ya kafe. Tsakiya maki 5, da'ira ta biyu 3, ta waje 1, sai wasu 'yan ɗigo kore biyu can sama masu maki 7.

Akwai wani ƙato ɗan Senegal a cikinmu, ƙirar 'yan kokowar da ke neman takobi. Ya zage ƙarfi ya wurga, gatarin ya daki allon da ƙeya ya faɗo ƙasa, ƙwal! Sai wata dattijuwa daga ofishin lissafi ta gyara tabarau, ta sake nata a hankali, tsaf a tsakiya. Ɗakin ya ɗauki ihu. Na tuna da kai, mai faskare da baki, wanda tun bara yake wa kututturen ƙofar gida alkawari.

Kada ka ɗauka shirme ne na dare ɗaya. Wani Matt Wilson ne ya fara tara abokansa a bayan gidansa a Toronto a 2006, yau ga ƙungiyoyin duniya har biyu da gasa da kofi. Ni ma na ji daɗinsa ƙwarai. Mutanen da muke aiki tare ba mu wuce gaisuwa ba, daren nan har tafawa muka yi.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Ina kallo aka ciro allon da ya ragargaje aka jingine gefe, aka ɗaura sabo. Katako mai kyau, bawana, wanda zai dafa tuwon gidanku kwana da kwanaki. Hankalina ya tafi dajin Baban Rafi, da matan da ke dawowa da dammen icce a ka, rana tsaka. Na ba yarinyar labarin sassaben zamani, yadda tun 1983 manoman Maradi, tare da Tony Rinaudo ɗan Ostiraliya, suka koma barin tohon kututture a gona suna rage masa rassa har ya zama itace. Na ce mata mu a wurinmu ana sara ana duban bakin gatari. Don haka kada ka karanta wa yara wasiƙar nan su je su zana da'ira a jikin gawon gonar Baba. Wanda ya yi, in na zo kunnensa zai ba da labari, kai ma naka.

Ga aikin da zan sa ka. Su nan ƙota ce ke shiga cikin ramin ƙarfe. Na ce mata namu maƙeri kan huda kan ƙota ya cusa wutsiyar ruwan a ciki, in ka jefa shi ruwa ya yi gabas ƙota ta yi yamma. Ta ce sai ta gani da idonta. Ka ɗauki hoton gatarin Baba da tsitakar Gwaggo ka turo ta WhatsApp. Gatarin kawai, ka janye fuskarka, kada ka tsorata mini baiwar Allah.

Kuɗin taki na nan tafe ƙarshen wata, a hannun Gwaggo za a ba da su, ba naka ba. Ka gaishe ta, ka gaida liman da mutanen majalisa. In kun je Madarunfa ka ci soyayyen kifi a madadina.

Ubangidanka, har kullum.